Ramin da Ya Karya Mini Ƙafa a Sanyuanli

A zuwana na uku Guangzhou na karye a ƙafar hagu, can ƙasan ƙwauri dab da idon sawu. Ƙarshen shekarun casa'in ne, ina da shekara arba'in da ɗaya. Sana'ata kayan tela ce, zif da maɓalli da zare da allurar keke da robar wando, ina sarowa ina kaiwa rumfata a Kano. A lokacin mu baƙar fata ba mu da yawa a garin. In ka hango ɗan'uwanka a tsallaken titi sai ka tsallaka ka ba shi hannu, ko da ba ku jin yaren juna.

Na sauka a wani ƙaramin otal a unguwar Sanyuanli, ɗaki guda da wani Alhaji mutumin Maraɗi mai sarar takalman roba da butoci. Ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ya riga ni sanin garin, kuma shi ya koya mini ɗan abin da na iya na yarensu: lawban, wato maigida, da meyo, wato babu. Da waɗannan biyun da na'urar lissafi muke cin kasuwa.

Inda nake sayen kaya wani katafaren kanti ne mai hawa biyar, cike da shaguna. A gabansa akwai filin ajiye motoci inda ƙananan motocin kaya ke lodi. Simintin filin duk ya farfashe, kuma akwai kwalbati da ta ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, an rufe ta da murafan ƙarfe a jere. Ɗaya daga cikin murafan babu shi. Ban san haka ba sai da ƙafata ta gaya mini.

An kwana ana ruwa, da hantsi ya ɗauke. Na fito daga kantin da jakar samfur a kafaɗa, zan tsallaka filin in tari tasi. Ruwa ya kwanta ya shafe komai, launinsa kamar shayi da madara. A hankali nake takawa don kada in ɓata wando. Na ɗora ƙafa a kan wani abu da na zaci siminti ne, ashe ruɓaɓɓen falanki ne aka shimfiɗa a bakin ramin. Ya burme da ni. Ƙafar ta shige har gwiwa, gangar jikina ta tafi gefe da nauyin jakar, na ji ƙas kamar an karya busasshen kara.

Mutane suka taru suka yi mini zobe, suna kallo, ba wanda ya matso. Wadda ta fara taɓa ni mai sharar filin ce, wata 'yar gajeriyar mata mai malafa da takalmin ruwa. Ta jefar da tsintsiya ta durƙusa a cikin ruwan ta tallafi kaina, tana ɗaga wa mazan da ke tsaye murya, sai da biyu suka zo suka zaro ni. Sai ga matar da nake sayen zif a shagonta ta sauko da gudu, wani ya je ya gaya mata baƙonta ya faɗi. Ita ta tare tasi ta raka ni asibiti.

Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗora, aka naɗe ni da filasta tun daga yatsu har gwiwa. Likita ya nuna mini da yatsu cewa mako shida ba taka ƙasa. Bizata kuwa saura kwana goma sha biyu, kayana rabi na saya, rabi na nan a baki.

A rana ta uku manajan kantin ya zo otal. Mutum ne siriri mai tabarau, da wani ƙaton agogo da yake yawan dubawa. Ya zo da wata budurwa mai jin ɗan Turanci, da kwandon lemo da tuffa an ɗaure shi da jan ƙyalle. Ya yi murmushi, ya taɓa filastar, ya girgiza kai. Sannan ya ajiye wani jan ambulan a kan gado, ya ɗora takarda a kai, ya miƙo mini biro. Na tambayi budurwar me aka rubuta. Ta ce takardar abota ce. Na sake tambaya, ta sake cewa abota. Alhaji daga ɗaya gadon ya ce mini da Hausa in sa hannu kawai, mutanen nan sun yi ƙoƙari, ba kowa ke zuwa dubiya ba.

Na ce ba na sa hannu a abin da ban karanta ba. Na tura musu ambulan ɗin ban buɗe ba, na ninke takardar na ce zan nemi mai karanta mini. Manajan ya miƙo hannu zai karɓe ta. Na ɗaga cinya na sa ta a ƙarƙashina na zauna a kai. Ya tsaya yana kallona, ni ma ina kallonsa. Daga ƙarshe ya ɗauki ambulan ɗinsa ya fita, ya bar lemon.

Ranar Juma'a Alhaji ya taimaka mini muka shiga tasi zuwa tsohon masallacin birni. A can na san wani dattijo Basine Musulmi, mai farin gemu siriri, wanda ya yi karatun Larabci yana yi wa 'yan kasuwar Larabawa tafinta. Ni ma ina da ɗan Larabcin da na samo a zaure, irin na littafi, mai tauri, amma muna fahimtar juna. Bayan an idar na ba shi takardar. Ya karanta sau biyu, sannan ya fassara mini a hankali. Takardar ta ce wai ni na shaida da bakina cewa gudu nake yi ba na kallon gabana, na zame na faɗi, kantin ba shi da laifin komai, abin da ke cikin ambulan kuma kyauta ce ta tausayi.

Kalmar gudun nan ita ta fi ɓata mini rai. Ni da ƙiba ta fara kama ni, da doguwar riga, da jaka a kafaɗa, a cikin ruwa. Rabona da gudu tun ina saurayi. Kuma a takardar kaf babu inda aka ambaci rami.

Akwai wani gida a saman bene inda muke haɗuwa cin shinkafa da miya, mu 'yan Kano da 'yan Nijar da wasu 'yan Gana. Da labari ya kai can kowa ya kawo shawararsa, kuma duk iri ɗaya ce. Wannan ya ce ƙaddara ce, in yi haƙuri. Wancan ya ce in na tayar da ƙura kanmu duka za ta sauka, a fara bin otal-otal ana duba fasfo. Wani ya ce ba a taɓa jin baƙo ya ja da mai gari a ƙasar nan ya ci riba ba. Alhaji ya bari sai da muka koma ɗaki.

"Ƙanena, nan ba Kano ba ce," in ji shi. "Ba ka da kowa. Ka karɓi abin da suka ba ka, ka biya likita, mu koma gida da mutuncinmu."

Na ce, "Alhaji, karayar na karɓa, Allah ne ya rubuta. Amma takardar nan mutum ne ya rubuta ta, kuma ƙarya ce. Wani ya cire murfin nan, wani kuma yana wucewa ta gefensa kullum da safe yana shiga ofis. Ba zan sa hannu in ce ni na karya kaina ba."

Ya ce taurin kaina zai ja mana. Na ce to, ya ja. Ya juya fuskarsa bango, ranar ba mu ƙara magana ba.

Washegari na ɗauki sanduna biyu na tafi kantin, dattijon masallaci ya yarda ya raka ni. Ofishin manajan yana hawa na huɗu, lif ɗin hawa benen kuma na kaya ne, masu gadi suka ce ba na mutane ba ne. Na hau matakala ɗaya bayan ɗaya, gumi har cikin filasta. Manajan bai ba mu wurin zama ba. Ya ce filin motoci ba na kantin ba ne, wani kamfani aka ba haya. Muka sauko muka je rumfar masu karɓar kuɗin fakin, suka ce su fili kawai aka ba su, kwalbati ta masu gini ce. Muka sake hawa. Wannan karon sakatariyarsa ta tare ƙofa ta ce lawban meyo, alhali ina jin tarinsa a ciki.

A kan matakalar nan, ina zaune ina mayar da numfashi, na yanke abin da zan yi. Na roƙi dattijon ya rubuta mini magana ɗaya da manyan baƙaƙensu a jikin kwali: wannan ramin ne ya karya mini ƙafa. Ya tambaye ni ko a ƙara sunan kantin ko wata magana a kan manajan. Na ce a'a, kada a zagi kowa, abin da ya faru kaɗai. Ya ce shi a garin nan yake zaune, iyalinsa na nan. Na ce na sani, in ba zai iya ba ba zan ga laifinsa ba. Ya karɓi kwalin ya rubuta.

Mai shagon zif ta ara mini kujerar roba. Mijinta yana da kyamara, ya sauko kamar mai wucewa ya ɗauki hoton ramin da karyayyen falankin, don har ranar ba wanda ya taɓa wurin, bulo biyu kawai aka ajiye a gefe. Na kafa kujerata a bakin ramin, na miƙe ƙafar a kan kwali, na jingina rubutun a ƙirjina.

Ba a yi rabin sa'a ba filin ya cika. Baƙin mutum da farar ƙafa a zaune tsakiyar filin mota, ko ba rubutu abin kallo ne. Suna karantawa, su leƙa ramin, su kalli ƙafar, su yi ta magana a tsakaninsu. Motocin kaya suka rasa hanyar shiga suka dinga hon. Masu gadi biyu suka zo suna yi mini alama da hannu in tashi. Na kalle su na ce meyo. Taron ya fashe da dariya, har ɗaya mai gadin sai da ya juya baya. Sun yi shawarar ɗaga ni da kujerar, na ga suna nuna ƙafafunta, amma ba wanda ya yarda ya fara taɓa karyayye a gaban jama'a.

Tsoro na ji shi, ba zan ɓoye ba. Duk motar da ta tsaya sai in zaci ta 'yan sanda ce. Rana ta buɗe, zafin garin mai ɗanko ne, cikin filastar yana ƙaiƙayi kamar an zuba tururuwa. Da azahar na yi taimama da bulon da ke gefena na yi salla a zaune. Ina sallamewa na ga inuwa a kaina. Alhaji ne da lema da kwanon abinci. Bai ce mini sannu ba. Ya jawo kwali ya zauna yana mita, wai ya bar cinikinsa ya zo gadin mahaukaci. Bai tashi ba sai da aka rufe kantin.

Da na dawo da safe na tarar an kawo wani faifan ƙarfe an rufe ramin, an share wurin tas. Na kafa kujerata a gefen faifan. Duk wanda ya karanta kwalin ya nemi rami bai gani ba, sai in nuna masa da sanda, wasu har su ɗaga gefen ƙarfen su leƙa. Mai shara tana aikinta nesa da ni, ba ta ko kallon inda nake. Da tsakar rana ta zo wucewa ta ajiye mini kwalbar ruwan zafi a gindin kujera ba tare da ta tsaya ba.

A rana ta uku 'yan sanda biyu suka zo. Alhaji ya fara salati ƙasa-ƙasa. Suka karɓi fasfona suka juya shi shafi-shafi, bizar tana da sauran kwana. Babban cikinsu ya karanta kwalin, ya sa aka ɗaga faifan, ya durƙusa ya daɗe yana kallon ramin. Na miƙa masa hotunan da aka wanko da takardar asibiti da takardar abota. Ya aika aka kira manajan, wannan karon lawban yana nan. Ban ji abin da suka ce ba, amma na ga ɗan sandan yana nuna motocin da suka yi layi har titi. Aka kira budurwar mai Turanci ta gaya mini in tashi daga nan yau, jibi kuma mu haɗu a ofishin sulhu na unguwa. Na ce in sun rubuta mini ranar da wurin a takarda zan tashi. Ɗan sandan ya kalle ni, ya zaro biro ya rubuta.

Ofishin ɗaki ne mai dogon tebur da fanka da kofunan shayi. Mai sulhun wata mata ce mai furfura, ba ta murmushi. Manajan ya zo da mutum biyu, ni da dattijon masallaci da Alhaji. Aka ce in faɗi abin da nake nema. Na ce abu huɗu: su biya asibiti da kwanakin da zan ƙara a otal, su rubuta wa ofishin biza dalilin zamana, su rama mini cinikin da na rasa, kuma a rubuta cewa ramin nasu ne.

Manajan ya yi dogon bayani. Ya ce ba a taɓa kawo masa rahoton murfin ya ɓata ba. Ya ce sun bincika sun gano mai shara ce ta ɗora falanki a kai ba da izinin kowa ba, da ta bar shi a buɗe da kowa ya gani ya kauce. Ya fito da sabuwar takarda. A ciki sun yarda da asibiti da otal da wasiƙar biza, ni kuma in yarda cewa sakacin ma'aikaciyar shara ne, za su sallame ta.

Dattijon ya fassara mini, ya ƙara da nasa cewa wannan tayi ne mai kyau, ba lalle in sami wanda ya fi shi ba. Alhaji ya taka mini lafiyayyar ƙafar a ƙarƙashin tebur. Bizata saura kwana biyu.

Na ce, "Malam, gaya musu matar nan ita ta ɗaga kaina daga cikin ruwa. Ba zan ci abinci da aikinta ba. A kira ta a tambaye ta."

Manajan ya ce ba a kawo mai shara irin wannan zama. Mai sulhun ta kalle shi ta saman tabarau ta ce a kira ta. Muka jira kusan sa'a guda, shayi ya huce. Da ta shigo ba ita kaɗai ba ce, mai shagon zif ta biyo ta da wasu masu shaguna uku. Mai sharar ta tsaya a bakin ƙofa da malafarta a hannu, ta ƙi zama. Ta ce murfin ya ɓace tun kafin damina. Ta gaya wa shugaban masu gadi ba sau ɗaya ba, ya ce za a kawo. Da ta ga wani ɗan dako ya gurɗe a wurin sai ta samo falanki ta ɗora, tana canza shi in ya ruɓe, wannan karon ruwa ya riga ta. Masu shagunan suka ce su ma sun yi magana a taron 'yan haya, manajan yana zaune. Ɗaya daga cikinsu ya faɗi har abin da manajan ya amsa musu ranar.

Manajan ya cire tabarau yana gogewa. Mai sulhun ta ture takardarsa gefe ta ɗauko farar takarda ta rubuta da hannunta. Layi kaɗan ne: hukumar kantin ba ta gyara kwalbatin filinta ba, baƙo ya ji rauni a dalilin haka, za ta biya asibiti da masauki ta kuma ba da wasiƙa. Cinikin da na rasa ta ce ba za a iya auna shi ba, ta cire. Na nemi a rubuta cewa ba za a kori mai shara ba, ta ce wannan tsakanin ma'aikaci da maigidansa ne, ba hurumina ba. Na nace. Ta ce abin da za ta iya shi ne ba za a sa sunanta a takardar a matsayin mai laifi ba. Na nemi manajan ya ba da haƙuri da bakinsa, ya kalli agogo. Na sa dattijon ya karanta mini takardar kalma-kalma sau biyu, sannan na sa hannu.

Da wasiƙar aka ƙara mini biza. Alhaji ya riga ni tafiya, ya haɗa kayana da nasa a kwantena ɗaya, ya kuma ba 'yan gidan shinkafa labarin yadda muka kayar da lawban, ni da shi. Na bar shi a haka. Na yi sauran makonnina a otal, kafin in tafi an zuba sabon siminti a filin an sa murafai, kuma mai shara tana nan tana aikinta. Ranar da zan wuce filin jirgi na tsaya na gaishe ta, ta ɗaga mini tsintsiya daga nesa.

Ƙashin ya haɗe amma bai koma daidai ba, har yau ina ɗan ɗingishi, in zan yi tahiya sai na miƙe ƙafar gefe. Da na koma bayan wata takwas, shaguna biyu a kantin suka ce mini meyo a kan kayan da nake gani a kan kanta, na wuce gaba na saya a wurin wasu. Mai sharar kuwa ban same ta ba. Mai shagon zif ta ce ta tafi ƙauyensu hutun sabuwar shekara ba ta dawo ba. Na tambaya ko korar ta aka yi. Ta ce ba ta sani ba, masu shara suna zuwa suna tafiya. Na roƙi dattijon masallaci ya tambayar mini a wurin masu gadi, ya je ya dawo ya ce sun canza su ma, sababbin ba su san ta ba.